Shin Mickey Mouse Club ne shirin yara na farko a talabijin?

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce. Muna hira a ofishin malamai sai wani abokin aikina ya ce shirin yara na farko da aka taɓa yi a talabijin, irin mai haɗa waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, shi ne Mickey Mouse Club na Amurka, wai ma a cikinsa Britney Spears ta fara fitowa. Ni dai lissafin bai ba ni ba, don matar ba ta kai shekarun da za a ce da ita aka fara talabijin ba. Don Allah a warware mana: yaushe aka fara shi, wa ya ƙirƙiro shi, kuma me ya sa ya yi suna haka?

Amsa:

Malama, lissafinki ne daidai. Abokin aikin naki ya ɗauko zance biyu ne ya ɗaure su da igiya ɗaya, alhali shekara 38 ce a tsakaninsu. An haifi Britney Spears a 1981, kuma shirin da ta fito a cikinsa a 1993 zubi na uku ne na Mickey Mouse Club. Na asalin an fara nuna shi ranar Litinin 3 ga Oktoba, 1955, a tashar ABC ta Amurka, ya tsaya a watan Satumba na 1959. Don ki ga nisan abin, sai bayan ya tsaya da kamar wata guda aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, wato WNTV ta Ibadan, a ƙarshen Oktoban 1959.

To ko na 1955 ɗin ma ba shi ne na farko ba. A Ingila BBC na da shirin yara tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma a 1946 wata 'yar tsanar alfadari mai suna Muffin ta riga ta shiga zukatan yaran Landan. A Amurka tashar DuMont ta fara Small Fry Club a 1947. A ƙarshen wannan shekarar, ran 27 ga Disamba, NBC ta fito da wanda ya zama sarkin fagen har shekara takwas, Howdy Doody. In dai ana neman wanda za a ɗora wa rawanin farko a cikin masu haɗe-haɗe, shi ya fi kusa da cancanta. Ga yadda yake: wani mutum mai suna Buffalo Bob Smith sanye da kayan makiyayan yammacin Amurka, da 'yar tsanar yaro da ake motsa ta da zare daga sama, fuskarta da ɗige 48, ɗaya ga kowace jiha ta Amurkar wancan lokacin, da wani ɗan barkwanci mai fentin fuska, Clarabell, wanda ba ya magana sai dai ya matsa ƙaho ko ya fesa wa mutane ruwa. A gefe kuma yara kusan 40 zaune a kan benci suna ihu. Kai tsaye ake watsa shi daga New York, abin da ya faru ya faru, ba a gyarawa.

Shi wannan salon na haɗe-haɗe ba talabijin ce ta ƙirƙiro shi ba. Gadonsa ta yi daga dandalin wasannin da Amurkawa ke kira vaudeville, inda mutum zai biya kuɗin ƙofa sau ɗaya ya kalli mawaƙi, bayansa ɗan dabo, bayansa mai kare da ke tafiya da ƙafa biyu, bayansa masu rawa, kowa minti goma ya sauka. Hikimar ita ce wanda bai ji daɗin wannan ba, kafin ya tashi an kawo masa wani. Ke da kike aji da yara kin fi ni sanin cewa babu wanda wannan dabarar ta fi dacewa da shi kamar ɗan shekara bakwai.

Shi kansa sunan Mickey Mouse Club ya girmi talabijin ɗin gida. Wajen 1930 wani manajan gidan sinima a California, Harry Woodin, ya fara tara yara ranar Asabar su kalli katun ɗin Mickey, su rera waƙa, su zaɓi shugabanninsu. Kamfanin Disney ya rungumi abin ya baza shi a gidajen sinima, har a 1932 aka ce membobi sun kai miliyan guda. Daga baya abin ya lafa, sunan ya kwanta kusan shekara 20.

Me ya tashe shi? Nan ne da walakin goro a miya. A farkon shekarun 1950 abin da ke ran Walt Disney ba talabijin ba ne, wurin shaƙatawa ne da yake mafarkin ginawa a wata gonar lemo a Anaheim, wanda ya zama Disneyland. Kuɗi ya ƙi isa, bankuna suna ja da baya. Su kuma manyan kamfanonin fim na Hollywood a lokacin kallon kishiya suke wa talabijin, domin tana riƙe mutane a gida su daina zuwa sinima. Walt shi ya yi ta maza ya ce zai ba da shiri ga duk tashar da za ta sa kuɗi a ginin nasa. Yayansa Roy Disney, wanda shi ke riƙe da lalitar kamfanin, ya zaga NBC da CBS bai samu abin da yake so ba. ABC kuwa ita ce ta uku, tana can baya nesa, tana neman abin da zai ɗaga ta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A 1954 aka ƙulla: ABC ta zuba dala 500,000, ta tsaya wa Disney ya ci bashin dala miliyan 4.5, ta karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku na hannun jarin Disneyland, shi kuma ya ba ta shiri na mako-mako. Wannan shirin, mai suna Disneyland shi ma, ya fara a Oktoban 1954 ya yi farin jini fiye da zato, musamman da labarin Davy Crockett, wani maharbin Amurka na zamanin da, ya sa yaran Amurka suka haukace da irin hularsa ta fata mai wutsiya. Ganin haka aka ce to a ƙaro wani, na kullum, na yara zalla, da ƙarfe biyar na yamma lokacin da suka dawo daga makaranta uwa kuma tana kicin.

Na daɗe ina koyar da tarihin watsa shirye-shirye, kuma duk shekara nan ne ɗalibai ke ɗan sanyaya jiki, don sun zaci labarin wani dattijo mai son yara za su ji. Ba na ce Walt bai damu da yara ba. Amma in aka bi sawun kuɗin, shirin ɗan Disneyland ne, kuma mai yi mata talla. Shaida kuwa, yaran shirin ba a shirinsu aka fara ganinsu ba. An fara nuna su ne a bikin buɗe Disneyland ran 17 ga Yuli, 1955, wata biyu da rabi kafin nasu ya hau iska. Lokacin ma ya yi musu daidai. A 1950 gida 9 ne kacal cikin 100 ke da akwatin talabijin a Amurka, a 1955 sun doshi 65, ga kuma tulin yaran da aka haifa bayan yaƙi sun isa shiga makaranta.

Bari in zana miki yadda awa guda ta shirin take, don a nan gwanintar take. Ana buɗewa da katun: jerin gwanon dabbobin Disney da ganguna, ana rera waƙar da ke jero haruffan sunan Mickey ɗaya bayan ɗaya, Donald agwagwa kuma don hassada yana kutsa kai yana kiran nasa sunan. A ƙarshen buɗewar sai ya ɗauki gulma ya doki wani babban faifan ƙarfe, kuma kullum abin ya ƙare masa da tsiya, yau iri kaza gobe iri kaza, har yara kan zauna jiran su ga yau kuma me zai same shi. Sai Mickey ya fito ya yi sallama, da muryar Walt Disney kansa. Daga nan awar ta rabu gida huɗu, kowanne kimanin minti 15. Akwai labaran duniya da aka shirya don yara, inda za a nuna abin da 'yan uwansu ke yi a wasu garuruwa da ƙasashe. A wasu ranaku kuma wani gyare na katun mai suna Jiminy ne ke fitowa yana koyar da yadda ake kauce wa haɗari a kan keke ko a ruwa ko kusa da wuta. Akwai wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake yankewa a daidai inda ya yi daɗi. Akwai tsohon katun daga rumbun Disney, wanda tuni ya gama mayar da kuɗinsa a sinima, yanzu ana sake cin moriyarsa. Sai kuma kashin da ya ɗauki sunan shirin ya kai shi inda ya kai, wato fagen yaran da ake kira Mouseketeers.

Kowace rana da nata taken. Litinin kiɗa da waƙa, Talata babban baƙo, Laraba ranar da komai na iya faruwa, Alhamis 'yan tsalle-tsalle da masu wasa da dabbobi, Juma'a kuma a kawo yara masu baiwa daga waje su nuna abin da suka iya. Wannan jadawalin ba ƙaramar dabara ba ce. Yaron da bai iya karanta kalanda ba ya san yau Alhamis ce saboda abin da ya gani a akwatin.

Abin da nake fara kunna wa ɗalibai kullum shi ne kiran suna, wanda bai kai minti ɗaya ba. Yaran suna jere, kowa da farar rigar sanyi an rubuta sunansa da manyan haruffa a ƙirji, a kansa baƙar hula mai faffaɗan kunnuwan ɓera biyu. Kyamara ta zo kan kowa, ya dube ta ido cikin ido, ya faɗi sunansa da murmushi: Sharon, Bobby, Lonnie, Annette, Darlene, Cubby, Karen. Ba sunan uba, suna ɗaya kawai, kamar yadda sabon ɗalibi zai faɗa a aji. Sai in tambayi ɗalibai, me ya bambanta wannan da Howdy Doody? A can ma ai akwai yara. Amma a can yaran 'yan kallo ne, taro ne marar suna, gobe a canza su da wasu, tauraron kuwa katako ne da zare. A nan yaran su ne taurarin, kuma su ɗin ne dai gobe da jibi. Yarinyar da ke zaune a ƙasa gaban akwati a wani ƙauyen Ohio ta san sunayensu, tana da wadda ta fi so, tana jin cewa ita ma 'yar ƙungiya ce, hular kawai ta rage mata, hular kuwa tana kanti. A ganina wannan ne abin da shirin ya kawo sabo, kuma duk shirin yara ko na matasa da ya biyo baya yana gina taurari daga cikin yaran kansu, daga wannan rijiyar ya sha.

Manya biyu ne a tare da su. Jimmie Dodd, ɗan wasa kuma marubucin waƙa, shi ne babban yayansu a shirin, shi ya rubuta waƙar buɗewar da wasu da yawa, yana kaɗa jita mai siffar kan Mickey. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, kuma yakan rufe shiri da 'yar gajeriyar nasiha a kan gaskiya ko ladabi ko taimakon iyaye, cikin taushin murya ba tare da tsawa ba. Na biyun Roy Williams ne, ƙaton mutum, tsohon mai zane a kamfanin, wanda ba ɗan wasa ba ne sam, Walt ne kawai ya ga siffarsa za ta ba yara dariya ya tura shi gaban kyamara. Shi ya kawo shawarar hular kunnuwan, ya tuno wani katun na 1929 inda Mickey ya ɗaga kunnuwansa kamar hula don gaida budurwarsa Minnie. Har yau tana cikin abubuwan da aka fi sani da Disneyland. Mai kula da shirya komai kuma Bill Walsh ne.

A cikin yaran, wadda ta yi zarra ita ce Annette Funicello. Walt da kansa ya gan ta tana rawar bale a wani bikin 'yan makarantar rawa a Burbank, tana da shekara 12. Ba ita ta fi iya waƙa ba, Darlene Gillespie ta fi ta murya nesa ba kusa ba, kuma Sharon Baird ta fi ta rawa. Amma 'yar asalin Italiya ce mai baƙin gashi da kunya a fuska, ta fita daban a cikin jerin, kuma kafin zangon farko ya ƙare wasiƙun da ake aiko mata sun kai 6,000 a wata. Masu shirin ba ita suka yi niyyar ɗagawa ba, buhunan wasiƙu ne suka tilasta musu. A wasannin dogon zango kuwa wanda ya fi tashe shi ne Spin and Marty, labarin yara biyu a sansanin hutu na gandun dawaki: Marty ɗan masu kuɗi mai girman kai da ya zo har da hadiminsa yana raina wurin alhali tsoron doki yake, da Spin wanda kowa ke so. Kin san inda irin wannan labarin ke ƙarewa, amma yara sun bi shi kashi 25 ba gajiya.

Kamfanin ya so mutane su ɗauka waɗannan yaran maƙwabta ne kawai da aka tsinto. Gaskiyar ita ce mafi yawansu sun yi shekaru a makarantun rawa da waƙa, wasu ma sun riga sun fito a fim ko talabijin. Cubby O'Brien tun yana ƙarami gwanin ganga ne, ɗan gidan makaɗa. Kuma aiki ne sosai. Ba kai tsaye ake watsa shirin ba, ɗaukarsa ake a faifan fim a harabar Disney da ke Burbank, a maimaita fage har sai ya yi. Dokar California ta wajabta wa yaro ɗan wasa karatun awa uku a rana, don haka da malamai a wurin, yaro ya tashi daga lissafi a kira shi rawa ya dawo ya ci gaba. An kasa su rukuni uku, ja da fari da shuɗi. 'Yan ja su ne na gaba, su ake gani a kiran suna, sauran kuwa sai in an buƙaci cika fage. Yaro na iya hawa, yana iya sauka, kuma a ƙarshen kowane zango a sallami wasu. Yara 39 ne suka sa wannan hular a zubin farko, tara kawai suka kai daga farko har ƙarshen ɗauka. Ki kwatanta yaro ɗan shekara goma da aka ce masa daga yau ba ya cikin ƙungiyar da duk yaran ƙasar ke mafarkin shiga.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka kora da wuri shi ne Paul Petersen. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa wani babba a wurin ya dame shi da tsokana yana kiransa ɓera, shi kuma ya kai masa naushi a ciki, ranar aka sallame shi. Ya ci gaba da wasa a wani shirin ya yi suna, amma a 1990 ya kafa ƙungiyar A Minor Consideration don tallafa wa yaran da masana'antar ta ci moriyarsu ta yar. Matsalar tsohuwa ce a Hollywood. Tun 1939 aka yi dokar da ake kira da sunan Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyar da ya tara.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar aljihun iyaye, har da naki. Rabon awar gida huɗu ba don jin daɗin yara kawai aka yi shi ba, kowane kashi sayar da shi ake wa mai talla. Talla ga yara ba sabon abu ba ne, Buffalo Bob ma yakan tsaya tsakiyar shiri ya ce yara su gaya wa mama ta sayo burodi kaza ko man goge baki kaza. Amma masu kayan wasan yara ba su saba ba. Su a da sai Kirsimeti ta matso suke ɗan talla, kuma da masu kantuna da iyaye suke magana, ba da yaro ba. A 1955 wani ƙaramin kamfani na mata da miji, Ruth da Elliot Handler, mai suna Mattel, ya yi kasadar da ta canza wannan. Suka sa hannu kan ɗaukar nauyin minti 15 na shirin har mako 52 a kan dala 500,000, kuɗin da ya yi kusan daidai da darajar kamfanin gaba ɗaya. Abin da suka tallata wata bindigar wasa ce mai ƙarar harbi a jere. Kafin Kirsimeti ta ƙare ƙaf a kantuna. Daga ranar aka gane cewa ba sai an shawo kan mai kanti ko uba ba, a nuna wa yaro kawai, shi zai yi sauran aikin da kuka da naci. 'Yar tsanar Barbie da suka fitar a 1959 ma ta wannan ƙofar ta shiga gidaje. Masu sharhi a jaridu sun koka da yawan tallan tun makon farko, amma sai a ƙarshen shekarun 1960 iyaye suka haɗa kai sosai, da ƙungiyar Action for Children's Television da Peggy Charren ta jagoranta daga 1968. A shekarun 1970 aka hana mai gabatar da shirin yara ya riƙa tallata kaya da bakinsa, a 1990 kuma majalisar Amurka ta yi dokar da ta kayyade talla a shirin yara: minti 12 a awa a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako.

Howdy Doody bai iya jure karon ba. Shirin kai tsaye na 'yar tsana da fesa ruwa ya zama kamar na ƙauye kusa da abin da Disney ke ɗauka da kyamarar fim da makaɗa da editoci. A 1956 NBC ta janye shi daga yammacin kullum ta mayar da shi safiyar Asabar, a can ya ƙarasa har 24 ga Satumba, 1960, ranar da Clarabell, bayan shekara 13 bai ce uffan ba, ya dubi kyamara da hawaye ya yi wa yara sallama da baki. Wani abin sha'awa kuma, mutumin da ya fara sa kayan Clarabell, Bob Keeshan, ya buɗe nasa shirin Captain Kangaroo a CBS a daidai ranar da Mickey Mouse Club ya fara, 3 ga Oktoba, 1955, shi da safe su da yamma. Nasa a hankali yake, ba ihu, ba taron yara, dattijo ne ke karanta littafi yana hira da zomo. Shi ya yi shekara 29 a CBS, mai ganguna da ƙyalƙyali ya yi huɗu.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Ki duba jerin nan na kiran suna daga farko har ƙarshe, ba za ki ga yaro baƙar fata ko ɗaya ba. Shekara ɗaya ke nan da kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, kuma wata biyu bayan fara shirin aka kama Rosa Parks, wata baƙar fata da ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata, a garin Montgomery. Ƙungiyar da ke rera cewa ta kowa ce, miliyoyin yaran da ke kallonta ba su ga mai kama da su a ciki ba. Sai a zubi na biyu, na 1977, aka gyara wannan.

Mutuwarsa ba rashin masu kallo ba ce ta kawo ta. Tsada ce da rigima. Awa guda kullum a faifan fim kuɗi take ci ba na wasa ba, shi ya sa a zango na uku, 1957, aka rage shi zuwa rabin awa, na huɗun kuma yawanci tsofaffin fage ne aka sake yankawa aka haɗa, yaran an riga an sallame su ban da Annette da kamfanin ya riƙe. ABC na son ƙarin talla, masu talla ba sa son sassan ilimi, Disney na ganin tashar na cin riba shi yana ɗaukar asara. Da ABC ta ajiye shirin, ta kuma hana a kai shi wata tasha, sai Disney ya maka ta a kotu a 1959. Aka sasanta a 1960, ya sayi kason ABC na Disneyland a kan dala miliyan 7.5, a 1961 ya kwashe shirinsa na mako-mako ya koma NBC inda ake watsawa da launi. Yaran kuwa, a daidai lokacin da tauraronsu ke dusashewa a gida, Ostireliya suka tafi rangadi a 1959, suka tarar da dandazon jama'a na jiransu, don a can shirin bai daɗe da isa ba.

Ɗaukar da aka yi a faifan fim ita ta raya shi bayan ya mutu. Yawancin shirye-shiryen kai tsaye na wancan zamanin sun bi iska, shi kuwa yana nan a gwangwani, aka sake nuna shi daga 1962 zuwa 1965, aka kuma maimaita a 1975, yaran da suka fara kallonsa sun zama iyaye suna zaunar da nasu 'ya'yan. Wannan ya jawo zubin 1977, mai launi, da yara 12, wanda bai yi nisa ba. Na ukun shi ne na tashar Disney Channel daga 1989, ana ɗaukarsa a Florida, an ajiye hular kunnuwan, an koma kiɗan zamani don 'yan shekara goma sha. A zangonsa biyu na ƙarshe, 1993 da 1994, aka haɗa Britney Spears da Justin Timberlake da Christina Aguilera da Ryan Gosling a fage ɗaya, dukkansu ba wanda ya kai shekara 14 lokacin da ya shigo. Wannan ne abokin aikinki ya ji labari.

Jimmie Dodd bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya rasu a Honolulu a 1964 yana da shekara 54. Annette ta yi waƙoƙi da finafinan matasa a shekarun 1960, a 1992 ta bayyana cewa tana fama da wata cutar jijiyoyi da ta hana ta tafiya daga baya har da magana, ta rasu a 2013. Ita kuma ABC, wadda ta tsaya wa Walt ya samu kuɗin gini lokacin da ya rasa mai ba shi, kamfanin Disney ya saye ta ɗungurungum a 1996 a kan dala biliyan 19.